Ƙota Don Kafaɗar Hagu

Ranar da yayana Salihu ya kira ni a waya ya ce ya sayi bindiga, ina tsaye a madafa a gidana na Bobigny da ke gefen Paris ina kaɗa miyar kuka. Na saki maburgi a cikin tukunya na nemi kujera.

"Yaya, mi ka ce ka saya?"

"Bindiga, Biba. Ta harbin takarda ce. Da izinin gwamnati da komi."

"Kai baƙar fata, Musulmi, ga gemu har ƙirji, a ƙasar Faransa, duk abin sha'awar da Allah ya zuba a duniya ka rasa na ɗauka sai bindiga? Tattabaru sun ƙare ne?"

Ya yi dariyar nan tasa ta ciki-ciki wadda ba a jin ƙararta, sai dai a ji numfashinsa yana rawa a waya. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai, don tsoro nake ji masa. Amma da na huce na tuna ko wane ne Yaya Salihu, sai ni ma dariya ta kama ni. Mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba. In Layya ta zo, wani yake wakiltawa a can gida Damagaram, ya ce a turo masa hoton ragon tun yana tsaye da ƙafafunsa, kar a turo na bayan yanka.

Abin da ya ja shi ga bindiga ba harbin ba ne, itacen ne. Babanmu maƙeri ne a unguwar Birni ta Damagaram, kuma maharba na kawo masa bindigoginsu gyara. Ƙarfen ba ya ɗaukar masa lokaci. Ƙota ce aikin, wato itacen nan da ake riƙewa a jingina a kafaɗa. Baba ba ya sassaƙa wa mutum ƙota sai ya zaunar da shi a kan buzu, ya kama hannunsa, ya auna da zare daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya ƙulla, daga kafaɗa zuwa kumatu, ya sake ƙullawa. Sannan ya ba shi curin laka ya ce ya damƙa, ya ajiye curin a inuwa ya bushe da sawun yatsun mai shi. Yakan ce ƙarfe na kowa ne, ƙota ta mutum ɗaya ce. Yaya Salihu ne mai riƙe masa bakin zaren tun yana ƙarami, har boko ta ɗauke shi ta kai shi Yamai, daga can ta kawo shi Lyon.

A Saint-Fons da ke gefen Lyon ya ƙare, a ɗaya daga cikin masana'antun nan masu dogayen bututu da ke jere a bakin kogi. Aikinsa lura da bututun da gyaran inda ya yi yoyo. Ya yi shekaru yana fita da jakar abincinsa yana dawowa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wani abokin aikinsa ne ya kai shi kulob ɗin masu harbin takarda da ke bayan gari, inda mutane ke kwanciya rub da ciki a kan tabarma suna auna wata 'yar baƙar da'ira daga nisan mita ɗari uku. Yaya ya dawo bai ce komai a kan harbin ba. Abin da ya ce wa matarsa Shamsiya shi ne, "Kin ga ƙotocinsu? Kowa da irin ta kowa, kamar takalman makaranta."

Ya bi duk matakan da doka ta ce, likita ya duba shi, hukuma ta bincike shi, ya sayi akwatin ƙarfe mai mukulli ya kafe shi a bango. Sannan ya je shagon bindigogi ya ce a nuna masa wadda ta fi kowace arha. Aka fito masa da wata ta hannu, irin wadda kamfani ke bugawa dubu-dubu kamar cokali, da ƙotar roba mai ƙarar bokiti in an ƙwanƙwasa. 'Yan kulob masu hali suna zuwa da bindigogin da kuɗinsu zai sayi mota. Yaya ya zo da tasa a cikin jakar da Shamsiya ta ɗinka masa daga tsohon labule. Madubin hangen nesa ma na wani tsoho ne da ya daina harbi saboda ciwon baya. Jakar da ake tokare gindin bindiga da ita kuwa ƙafar tsohon wandonsa ce aka cika da shinkafa aka ɗinke. Na ce masa wannan ce kaɗai shinkafar da ta taɓa shekara a gidansa ba a dafa ba.

Bai taɓa ƙarfen ba, ya ce wannan na masu shago ne da masu doka. Robar ya cire. Duk ranar da mutanen unguwa ke fitar da tsofaffin kaya bakin titi, za ka ga Yaya Salihu, mutum mai kamala da hula da tasbaha, yana zagaya teburan da aka zubar yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu. Ya kwaso ya kai ɗan ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin bene, ya manne allunan, ya zauna da kurfi da zarto da takardar goge katako. Ƙota ta farko ta tsage. Ta biyu ta fito kamar muciya. Shamsiya ta kira ni tana cewa ta gaji da tsintar garin katako a cikin dambu. Amma gado ba karambani ba ne, sannu a hankali hannun ya tuna abin da ido ya gani a Birni. Ya yi wata ƙotar daga tsohon gadon wani Bature, ta zauna masa a kafaɗa daram, ramukan harsashinsa a takarda suka fara matsowa kusa da juna har masu bindigogin tsada suka soma leƙo tabarmarsa.

Duk wannan gwaji ne. Abin da yake jira yana saman kabad ɗin ɗakinsu, naɗe cikin tsohon rawanin Baba. Gungumen kirya ne, ja mai duhu, nauyi kamar dutse, wanda Baba ya ajiye a rufin maƙera ya bushe bai kai ga sassaƙa shi ba. Da muka je rasuwar Baba, kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, Yaya ya ɗauki wannan. A filin jirgi kayansa suka yi nauyi, ya fitar da kilishi da rigunansa ya bar wa masu rakiya, ya riƙe gungumen. Guda ɗaya ne, babu na biyu, kuma kirya ba ta yafe kuskure. Ya ce sai ya ajiye aiki, hannunsa ya nuna, sannan zai yi wa kansa ƙotar da zai tsufa da ita. Duk Sallah sai ya sauko da shi, ya shafa masa mai, ya mayar.

To, Yaya yana da 'ya guda ɗaya tak, Ruwaida. Kuma Allah ya yi ta bahaguwa.

Ba na so a ɗauka mugu ne, don ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaukar mata bulala ba. Abin ya samo asali ne tun zuwansu gida na farko, tana 'yar ƙarama. Wata tsohuwa cikin dangi ta miƙa mata alawa, yarinya ta karɓa da hagu a gaban jama'a, tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe haka ake renonsu can ƙasar Nasara." Maganar nan ta shiga Yaya har ƙashi. Mutumin da ya bar gida, babban tsoronsa a ce ya zubar da tarbiyya a hanya. Tun daga ranar ya tashi gyara. Cin abinci da dama, wannan ni ma na yarda, addini ne, kuma har yau da dama take ci. Amma rubutu fa? Almakashi? Tsintsiya? Buɗe ƙofa? Da ta miƙa hagu sai ya ɗan buga bayan hannun da yatsu biyu ya ce, "Da dama." Lokacin aikin makaranta yakan sa mata safa a hannun hagu don kar ta manta. Malamarsu ta kira shi ta ce ya ƙyale yarinya yadda take. Ya sa babbar riga ya je, ya saurara, ya yi godiya, ya dawo ya ci gaba. In na yi magana sai ya ce, "Biba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ya tanƙwaru kuwa. Ruwaida ta tashi yarinya mai ladabi, mai durƙusawa, mai karɓa da hannu biyu, wadda ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba. Da ta gama sakandare ta zaɓi jami'a a Paris alhali ga jami'o'i a ƙofar gidansu, ta zo ta zauna wurina. Yanzu tana aikin bincike a kan cututtukan jini. Na taɓa zuwa ɗaukarta a wurin aiki na hango ta ta gilashi tana ɗiga wani ruwa a cikin 'yan ƙananan kwalabe da hannun hagu, hannun ko motsi ba ya yi. A gidana tana yanka albasa da hagu tana waƙa. Amma da wayar ubanta ta shigo sai ta miƙe zaune.

"Papa, ina wuni. Lahiya lau. Aiki da godiya. Maman tana kusa?"

Shi ke nan. Gaisuwa cikakkiya, hira babu. Lyon kuwa sai Sallah, shi ma sai na tura ta, ta kwana ɗaya ta ce aiki na jiranta. Yaya yana jin abin, don ba dutse ba ne. Ya sha ce mini, "Paris ta cinye mini ɗiya, Biba." Na ce masa ba Paris ba ce, safa ce. Ya ce, "Wannan tsohon zance? Ai gyara na yi mata." Na bar shi, amma zuciyata na ciwo, don ina ganin uba da 'ya suna son juna suna kuma nesanta a hankali, cikin ladabi, ba mai laifin da za a kama a yi wa faɗa a huta. Na san in aka ci gaba a haka, wata rana za ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, gaisuwar ma ta koma ta Sallah zuwa Sallah.

Wata ƙaramar Sallah na ja ta muka hau jirgin ƙasa tare. Da muka isa aka ci aka sha, Shamsiya ta ce ta zuba wa babanta shayi. Ta ɗauki buta da dama, kamar kullum a gabansa, hannun ya goce, shayin ya zuba a faranti har ya taɓa masa riga. Ta ce, "Pardon, Papa," ta ruga neman tsumma. Ya bi ta da kallo ya ce mini a hankali, "Har yanzu ba ta iya zuba shayi ba." Na cije leɓe don Sallah ce.

Washegari kulob ɗin su Yaya na buɗe ƙofa ga iyalai, kowa ya kawo nasa su gwada a gaban mai koyarwa. Yaya ya matsa sai mun je mun ga ƙotarsa ta gadon Bature. Muka je. Wuri ne mai tsabta da tsari, an ba mu abin toshe kunne, ba mai taɓa komai sai an ce. Mai koyarwar wata mata ce 'yar asalin Tunisiya mai suna Najla, gajeriya, mai muryar da ke tsayar da ƙato. Ta kai mu layin baƙi inda takardar ba ta da nisa sosai, ta ce wa zai fara. Ni na ce Allah ya kiyashe ni. Ruwaida, don kar ta ba ubanta kunya, ta kwanta a tabarma.

Yaya ya durƙusa kusa da ita fuskarsa cike da murna, ya gyara mata bindigarsa a kafaɗar dama, ya ɗora mata kumatu a inda ya sassaƙa don nasa. Ta yi ta murɗa wuya tana neman leƙa madubin da ɗaya idon. Ta harba, ba a ga rami ba. Ta sake, ramin ya fito can gefen takarda. Kunnuwanta suka yi zafi, ni na san alamar.

Najla ta ce a dakata. Ta sa Ruwaida ta haɗa tafukanta ta bar ɗan rami a tsakiya, ta kalli takardar ta cikin ramin, ta jawo hannun zuwa fuskarta. Hannun ya tafi kai tsaye idon hagu.

"Idonki na hagu ne ke jagora," in ji Najla. "Da wane hannu kike rubutu?"

Tambaya ce mai sauƙi. Amma Ruwaida, mace mai digiri a kan digiri, ba ta amsa ba sai da ta juya ta kalli ubanta. Kallon yarinya mai safa a hannu ne, kuma a wannan karon Yaya ya gan shi, don yana durƙushe daf da fuskarta.

"Da duka biyun," ta ce a hankali.

Najla ba ta san komai a kanmu ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ɗauke bindigar Yaya ta miƙa masa, ta kawo ta kulob mai miƙaƙƙiyar ƙota wadda ba ruwanta da dama ko hagu, ta ce, "Juya ɗaya ɓangaren." Ruwaida ta juya. Na ga kafaɗunta sun sauka, numfashinta ya daidaita. Ta harba, ta harba, ta harba. Da aka kawo takardar, gindin kofin shayi zai rufe ramukan duka. Najla ta tambaye ta ko ta tabbata yau ta fara. Ruwaida ta yi dariya, dariya ta gaske mai bayyana haƙora, sannan ta tuna wanda ke bayanta ta haɗiye ta.

Da muka isa gida, Shamsiya da Ruwaida suka hau sama, ni na tsaya da shi yana kulle bindiga a akwatinta. Na ce, "Yaya, ka tuna Ɗanyaro?"

Ɗanyaro wani maharbi ne bahago da ke zuwa maƙerar Baba daga wajen Mirya.

"Kai ka riƙe zaren ranar da Baba ya auna shi. Wane hannu ya auna?"

"Na hagu."

"Ya sa masa safa?"

"Biba, ya isa."

"Bai isa ba. Baba bai yi boko ba, bai zo Faransa ba, amma bai taɓa cewa mutum ya sake hannu don ya dace da icce ba. Iccen yake sassaƙawa."

Ya juya mukulli ya sa a aljihu bai dube ni ba. Na hau sama ina huci, ina cewa a raina na yi asarar yawuna.

Muka koma Paris. Abin mamaki, harbin ya kama Ruwaida. Ta nemi wani kulob a bayan gari, ta bi matakan samun izini kamar yadda ubanta ya bi, tana zuwa ranar hutu tana harbi da bindigar aro. Ta ce mini, "Tanti, can ne kaɗai kaina ke yin shiru." Ta roƙe ni kar in gaya masa. Na ce to, na kuma gaya masa a ranar, don ni ba a ba ni irin wannan amanar.

Bayan 'yan makonni, wata Asabar da hantsi aka buga ƙararrawar gidana. Na buɗe na ga Yaya Salihu, mutumin da ba ya zuwa Paris sai da sanarwar wata guda, tsaye da hularsa da 'yar jaka. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta gida, ya tambayi kowa har maƙwabtan da bai sani ba. Ruwaida ta fito ta durƙusa, fuskarta na tambayar ko lafiya. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a kan darduma ya ce ta zauna a gabansa. Ya buɗe jakar ya fito da zare da wani abu naɗe a leda. Da na ga zaren sai na jingina da ƙofa.

"Ba ni hannunki," ya ce.

Ta miƙa na dama.

"Ɗayan."

Ta dube shi, ta dube ni. Hannun hagun yana kan cinyarta a dunƙule, inda yake ɓuya kullum in yana wuri. Ta ɗago shi a hankali kamar mai tsoron a buge shi. Yaya ya karɓe shi da hannu biyu. Ya daɗe yana riƙe da shi, yana juya shi, yana kallon tafin da yatsun kamar bai taɓa ganinsu ba, kuma gaskiya rabonsa da riƙe wannan hannun tun tana koyon tafiya.

"Yatsun Baba ne," ya ce. "Biba, zo ki gani. Yatsun Baba ne sak."

Ban matsa ba, don hawaye sun riga sun rufe mini ido. Ya ɗora zaren a gwiwar hannunta ya ja zuwa yatsa, ya ƙulla. Daga kafaɗa zuwa kumatu, ya ƙulla. Ya kwance ledar, sai ga curin laka da ya ɗebo a bakin kogin Rhône. Ya sa mata a tafi ya ce, "Damƙa. Yadda ya yi miki daɗi, ba yadda na ce ba." Ta damƙa, laka ta fito ta tsakanin yatsunta, tana kuka ba sauti. Bai ce ta yafe masa ba, mutanenmu ba su iya wannan da baki ba. Ya naɗe curin a hankali ya sa a kwalin takalmi, ya ci abinci, ya kama jirgin yamma da kwalin a kan cinyarsa.

Shamsiya ce ta kira ni ta ce ya sauko da gungumen kirya, kuma ba Sallah ba ce.

Aikin ya ɗauke shi damina da sanyi. Kirya ta cinye masa bakin kurfi, ta fasa masa tafi. Wahalar ma ba taurin ba ce kaɗai. Duk abin da hannunsa ya saba sai ya juya shi, tudun kumatu ya koma ɗaya gefen, ramin babban yatsa ma haka, kuma ba zai iya gwadawa a kafaɗarsa ta dama ya ji ko ya yi daidai ba. Dole ya riƙa kwanciya a ƙasan ɗakin ajiya ta ɓangaren hagu yana gwadawa. Don ya fahimci hannun, sai ya ɗauki wata Lahadi ya ce komai da hagu zai yi in ban da cin abinci. Da la'asar ya kira ni.

"Biba, na kasa sa maɓallin riga. Na yanke wajen gyaran gemu. Na rubuta sunana kamar ɗan aji ɗaya. Shayi kuwa rabi a ƙasa." Sannan ya ce, "Ni wuni guda na yi. Ita fa?"

Ina da amsoshi da yawa da na tara shekara da shekaru, masu kaifi. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce ya je ya sa magani a inda ya yanke.

A cikin watannin nan wayarsu ta sauya. Shi ke kira da tambaya, wai in ta kwanta gwiwar hannunta a ina take sauka, wai wuyanta na gajiya ko a'a. Ita kuma ta amsa, daga nan zance ya zarce. Wata rana na dawo daga kasuwa na same ta a kwance a kan kujera ƙafa a sama, tana ba shi labarin shugabanta na wurin aiki, tana kwaikwayon muryarsa. Na shige madafa na rufe ƙofa don kar ta ga fuskata.

Da bazara ta shigo ya ce mu zo. Ya riga ya je shago an yi takardu, bindigar ta koma sunan Ruwaida, wannan dai mai arhar da ya fara da ita, don ba shi da wata. Na ce, "Kai fa?" Ya ce zai riƙa aron ta kulob. Muka je filin, a layin masu nisa wannan karon. Ya zuge jakar labule. Kiryar ta sha mai ta yi ja kamar dabino, sumul, ba ado ko ɗaya sai 'yan layuka uku a gindi irin waɗanda Baba ke yi wa duk ƙotar da ta fita daga hannunsa. Wani ɗan kulob ya ɗaga ta ya kai kafaɗa, ya ɓata fuska ya ce an yi ta a juye. Yaya ya ce, "Ba taka ba ce."

Ruwaida ta kwanta. Yatsunta suka shiga gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, kumatunta ya sauka a tudun kamar a kan matashi. Ta daɗe a haka ba ta harba ba. Yaya ya zauna a bayanta a kan 'yar kujera da madubin hangen nesa, ga tsohon wandon shinkafa ya tura mata. Ni takardar ma ba na ganinta, wani ɗigo ne can ƙarshen duniya. Ta harba. Ya ce, "Ciki." Ta sake. Ya ce, "Ciki." A na gaba sai ya cire ido daga madubin yana goge shi da bakin riga, wai ƙura ce.

Da aka ba da hutu muka koma benci a ƙarƙashin wata bishiya. Shamsiya ta fito da fulas ɗin shayi da ƙananan kofuna. Ruwaida na tsakiyar magana, tana gaya wa ubanta yadda iska ta so ta yaudare ta a harbi na ƙarshe, rabi Hausa rabi Faransanci, hannuwa na yawo. Ba ta lura ba ta ɗauki fulas ɗin da hagu. Ta ɗaga shi sama yadda ake yi, shayin ya sauko siriri ya cika kofi har kumfa, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ajiye fulas, ta ɗauki kofin da wannan hannun dai, ta miƙa masa tana ci gaba da zancenta.

Sai a tsakiyar miƙawar ta farga. Maganar ta tsaya mata a baki, hannun ya tsaya a iska. Ni da Shamsiya muka daina numfashi.

Yaya Salihu ya sa hannu biyu ya karɓa, ya kurɓa, ya ce, "Ci gaba, ɗiyata. Sai iskar ta yi yaya?"